Kunnen Hagu

Gyare ne ya shiga kunnen Makaɗa Sirajo, yau shekara biyu ke nan, ya ƙi fita. Ba gyaren da za ka ɗaga tabarma ka take ba. Wannan can cikin kai yake zaune, yana tsiii, ba ya gajiya, ba ya hutun sallah. In Sirajo yana tsakiyar kasuwar Tambuwal sai ya ɗan lafa, hayaniya ta danne shi. In kuwa ya zauna lazimi bayan asuba, gari ya yi tsit, to nan ne gyare zai ce ga ni. Kunnen hagu tuni ya yi sallama. Da ka yi wa Sirajo magana ta wannan gefen, da ka yi wa bangon ɗaki, duk ɗaya ne. Na dama ne ya rage, shi ma rabi da rabi, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

Kuma dubi wanda abin ya zaɓa! Mutumin da ya shekara talatin da 'yan kai yana rataye da kalangu yana yi wa manoma waƙa, daga Sanyinna har Dogon Daji babu gandun da bai san mai shi ba. Mutum shida ke ci daga bakinsa: makaɗa uku, 'yan amshi biyu, da sanƙiransa Gazali. Shi sanƙira aikinsa ke nan, ya tsaya jikin mawaƙi yana raɗa masa a kunne: wane ya shigo, ɗan wane ne, ga abin da ya bayar. Mawaƙi ya ɗauka ya saka a waƙa nan take, kamar dama ya kwana da ita. Tun suna samari Gazali a kafaɗar hagu yake tsayawa, don hannun dama shi ke kaiwa da komowa da sandar kiɗa, wanda ya tsaya nan sai ya sha gwiwar hannu. Wato dai kunnen da ya mutu shi ne kunnen da ake cin abinci da shi.

Bara Sirajo ya sulale zuwa wani asibiti a Sakkwato, ya ce wa yaransa fatar kalangu za shi nema. Likitar ta ɗora masa wani abu a kunnuwa, ta ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya zauna yana jira, hannunsa a cinya, ashe tuni an yi ta bugawa. Ta tambaye shi shekara nawa yana tsayawa gaban lasifika. Ya ce tun da aka fara haɗa masu manyan nan masu kamar akwatin amarya, shi kuwa ba ya jin daɗin waƙa sai ya ji muryarsa na dukan ƙirjinsa. Ta girgiza kai. Ta ce wanda ya mutu ba ya dawowa, gyaren ma sai dai a koyi zama da shi. Ya nisanci lasifika, ya riƙa toshe kunne, kuma ya gaya wa abokan aikinsa su riƙa yi masa magana ta dama.

Wannan na ƙarshen ne ya gagara. Kurman makaɗi? Haba! Ai ranar da maganar ta fita, ranar za a mai da shi abin dariya a majalisa. Ga yaran zamani da akwatin kiɗansu suna jiran ƙofa, su danna maɓalli ɗaya su cika fili. Wa zai ɗauki waya ya kira wanda ba ya jin abin da yake kaɗawa? Sai ya koyi dabarun ɓoyo. Yana kallon leɓen mai magana. Kalangun kuwa da haƙarƙarinsa yake jinsa, in ya matse tsirkiya ya san inda muryar take ko bai ji ba. In aka yi dariya ya yi, in aka yi shiru ya ce, "To, to, madalla." Rannan wani ya ce masa an sace masa jaki, ya ce masa madalla. Mutane suka fara cewa Makaɗa Sirajo girman kai ya kama shi, ana gaishe shi yana wucewa. Ya ji zafin wannan ƙwarai, amma ya ga gara a ce masa mai girman kai da a ce masa kurma.

Matarsa Husaina kaɗai ta sani. Safiyar ranar da za su Kebbe, ta kawo masa kunu ta zagayo ta dama, kamar yadda ta saba, ta zauna.

"Maigida, yau dai ka gaya ma Gazali."

"In gaya mashi mi?"

"Abin da kas sani nis sani. Mutum shina ta zuba magana cikin rijiyar da ba ruwa, kai kana ɗaga kai awa ka ji. Ni tsoro nika ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Shekara biyu nika yi hakanga, wa yag gane?"

"Wanda bai gane ba jiya shina iya ganewa yau. Kuma gidan Ɗanmaliki za ku, ba gidan banza ba."

Ya kurɓi kunun. Ai ya fi ta sanin gidan da za shi. Ɗanmaliki na Kebbe shi ne babban ubangidansa, manomin da ya fara ɗora masa riga tun ba a san sunansa ba. Duk kaka sai buhunan gero sun iso Tambuwal daga gandunsa. Yau ake ɗaurin auren ɗansa Mu'awiya, shi kuwa tsohon wata guda ke nan yana kwance asibiti a Sakkwato da ciwon zuciya. Ya aiko cewa kada a ɗaga biki, zai taho ranar ko da a kwance ne. Ya kuma aiko wa Sirajo saƙo na musamman: yana so ya shiga Kebbe da takensa, wannan kiɗan nasa shi kaɗai, wanda ko yaro a garin ya ji ya san Ɗanmaliki ne tafe.

Suka kama hanya bisa babura huɗu, Sirajo a bayan Gazali, kalangu a ƙulle cikin buhu. Hanyar Kebbe ba sai an ba ka labari ba, rami na miƙa ka ga rami. Ƙugin babur ya haɗu da na gyare har Sirajo ya rasa wane ne a waje, wane ne a ciki. Gazali yana ta zuba, yana waiwayowa yana dariya, iska na kwashe maganar. Sirajo yana cewa, "Ƙwarai, ƙwarai."

A wata inuwar tsamiya suka tsaya shan ruwa. Sauran suka yi gaba kaɗan. Sirajo ya dubi abokinsa, furfura ta cinye gemu, haƙori biyu sun tafi, mutumin da suka yi yawon duniya tare. Zuciyarsa ta ce, faɗa masa yanzu. Har ya buɗe baki.

"Gazali."

"Na'am, Makaɗa?"

In ya faɗa, Gazali ba zai yi dariya ba, ya sani. Tausayi zai ji, kuma tausayin nan ne Sirajo ya fi tsoro. Daga nan sai Gazali ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya wa maƙwabciya don a taya su addu'a.

"Ka riƙa ɗaga murya yau. Janareton mutanen ga ƙara gare shi."

"Wanga ba komi na ba," in ji Gazali, ya tada babur.

Sun tarar Kebbe ta cika. An ɗaura aure tun da hantsi, an ci an sha, bayan azahar aka kafa rumfuna a filin ƙofar gidan, daidai inda hanyar mota ke shigowa. Mu'awiya, ango, ya taho da kansa ya durƙusa ya gaishe su. Saurayi ne dogo mai kunya, babbar rigar ta yi masa yawa. Sirajo ya kafa wa leɓensa ido.

"Baba Makaɗa, su babana sun taso tun da safe. Likita ya hana, shi ko yac ce sai ya zo. Da ka ga mota, ka san abin da yac ce."

"Na sani, ɗana. Yau Kebbe za ta ji."

Abdulganiyyu, ƙanen Ɗanmaliki, shi ke riƙe da gidan. Yana ta zagaye da waya a hannu yana ɗaga ta sama yana neman sabis, yana tsaki. Masu lasifika kuwa, don su burge, sun jibge manya biyu a bayan inda makaɗa za su tsaya. Sirajo ya dube su. Akwai auduga a aljihunsa, Husaina ce ta saka. Ya taɓa ta, ya bar ta a nan. Wa ya taɓa ganin makaɗi da auduga a kunne?

Bayan la'asar aka fara. Da ya matse kalangu ya sauke sanda sau uku, sai jikinsa ya ɗan saki, don aikin hannu ba ya mantuwa. Ya yi waƙar ango, ya yi ta manoman gari. Gazali na kafaɗarsa ta hagu yana raɗa. Sirajo yana jin ɗumin numfashinsa a wuya, ba ya jin kalma ko ɗaya. Sai ya ɗan karkata kamar mai gyara rataya, ya saci kallon leɓe, ya bi yatsan Gazali da ido ya ga wanda ake nunawa. Mafi yawansu ya san su, ya san kakanninsu. Sau ɗaya ya kira wani da sunan wansa, aka yi dariya aka ɗauka tsokana ce. Gumi na bin bayansa. Lasifika na dukan ƙeyarsa, gyare kuwa ya haukace, ya tashi daga tsiii ya koma kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Duk baitin da ya gama sai ya ce a ransa, saura kaɗan, Allah ka rufa asiri, mota ta zo in yi take in sauka.

Yana cikin haka ya hango Abdulganiyyu can gefe, waya a kunne, ya juya wa jama'a baya. Ya ga ya yafito Gazali. Ya ga Gazali ya tafi, sun haɗa kai, ya dawo da sauri yana ture mutane. Can nesa kuma, ta bakin gari, ga ƙurar mota.

Gazali ya damƙi kafaɗarsa, ya kafa baki a kunnen hagu. Sirajo ya karkata ya saci kallo. Ya ga leɓen ya yi "Ɗanmaliki", wannan ba ya ɓace masa. Ya ga "ya". Sai wata gajeriyar kalma mai "s" a tsakiya, baki ya tsuke a ƙarshenta. Ga mota tafe, ga saƙon da aka aiko masa, ga abin da yake jira tun safe. Me kuma zai zama in ba "ya iso" ba?

Ya ɗaga sanda sama ya tsai da makaɗansa, ya matse kalangu, ya saki taken Ɗanmaliki.

Wayyo! Ai bai taɓa kaɗa shi kamar ranar ba. Duk tsoron da ya kwana biyu yana cinsa ya juye a kan fatar nan. Makaɗan suka ɗauka, 'yan amshi suka gyara tsayuwa, ya kama makirfo ya ɗaga murya:

"Gatarin fako, sannu da hanya,
Mai rumbun da ba a ganin gindinai,
Ciwo ya kama ka ya sake,
Ku ba shi hanya, maigida ya iso!"

'Yan amshi suka karɓa, "Ya iso, ya iso, maigida ya iso!"

Fili ya ɗauka. Mata daga cikin gida suka saki guɗa, tsofaffi suka miƙe suna ɗaga sanduna, jama'a ta juya ta fuskanci hanya. Gazali yana jan rigarsa, yana girgiza shi, yana ihu a kunnen nan dai na hagu. Sirajo ya ɗauka zumuɗi ne, ya yi masa murmushi ya ƙara matse kalangu. Ya ga Mu'awiya ya tattare babbar riga ya sheƙa da gudu kamar ƙaramin yaro, yana dariya, abokansa na biye. Ya ga Abdulganiyyu ya yar da waya yana ɗaga hannu biyu yana gudu ta wajen janareto.

Motar ta tsaya. Mu'awiya ya fizge ƙofar baya, bakinsa har kunne. Sai ya tsaya. Daga inda Sirajo yake yana iya hango kujerar, da abin da ke kwance a kanta, an rufe shi da zane tun daga kai har ƙafa. Direban ya fito ya dafa motar ya sunkuyar da kai.

Aka kashe janareto. Makaɗan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sirajo ne na ƙarshe, don bai ji sun tsaya ba. Sai da ya ga hannayensu a sake, ya ga bakunan mata a buɗe ba irin buɗewar guɗa ba, sannan sandar ta tsaya a hannunsa. Gazali ya zagayo gabansa, hawaye na bin gemunsa, ya faɗa da ƙarfi, fuska da fuska:

"Ya rasu nic ce maka! Ya rasu! Bisa hanya, bayan sun baro Tambuwal. Cewa anka yi a tsai da kiɗi!"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sirajo ya dubi fili, mutum ɗari-ɗari, kowa bakinsa na motsi, shi kuwa abin da yake ji kawai tsiii. Ya yi wa gawa sannu da zuwa. Ya ce ciwo ya sake ta. Ya sa maraya ya yi gudu yana dariya zuwa ga gawar ubansa. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Abdulganiyyu ya iso, idonsa jawur. Bai ko dubi Sirajo ba, wuyan rigar Gazali ya cafka. Yana magana da ƙarfi har Sirajo na tsintar rabi da kunnen dama.

"Mi nig gaya maka? Kai mahaukaci na? Na ce ka faɗa mashi yaya ya cika, kai ko kat tafi kas sa a yi muna biki bisa gawa!"

Samari suka fara matsowa. Wani ya ture Gazali, hularsa ta faɗi. Shi kuwa bai kare kansa ba. Ya dubi Sirajo sau ɗaya, ya ce, "Laifina na. Ban faɗa da kyau ba." Sirajo ya karanta wannan a leɓensa sarai. Ya gane kuma cewa in ya yi shiru, shi ke nan, asirinsa ya rufu. Za a ce tsohon sanƙira ne ya ruɗe, a zage shi, a kore shi daga Kebbe, gobe a sake kiran Makaɗa Sirajo biki. Ba abin da ake nema gare shi sai ya rufe baki, abin da ya shekara biyu yana yi.

Ya sauke kalangu daga kafaɗa. Bai san da wace murya ya yi maganar ba, don ba ya jin kansa sosai, amma ya ga kawuna sun juyo har daga bakin mota.

"Ku sake shi! Ya faɗa daidai. Ni na ban ji ba." Ya kama kunnen hagu ya ja shi kamar zai tsinke shi. "Wanga kunne ya mutu, shekara biyu ke nan. Ɗayan ma saura kaɗan. Na ɓoye ma kowa, har shi. Kurma ni ke, jama'a. Kurma yay yi muku kiɗi yau."

Abdulganiyyu ya saki rigar a hankali. Gazali ya ɗago yana kallon Sirajo, baki buɗe, kamar yau ya fara ganinsa. Ba wanda ya yi dariya. Sirajo ya ga wani dattijo ya kama haɓa, ya ga samarin sun ja baya, ya ga ɗaya daga cikin makaɗansa ya juya kai yana share ido. Ya san daga yau labarin zai riga shi isa Tambuwal.

Aka shiga da gawa cikin gida. Rumfunan biki suka zama na zaman makoki, ba a ko matsar da kujera ɗaya ba. Sirajo ya koma gindin katanga ya zauna a ƙasa shi kaɗai, kalangu a gefensa. Can Gazali ya zo ya tsaya a hagunsa, bisa sabo. Sai ya yi ɗan jim, ya zagaya, ya zauna a dama.

Rana ta yi sanyi aka fito da makara. Aka yi sallah a filin da aka yi kiɗa, Sirajo a sahun ƙarshe yana satar kallon na kusa da shi don ya san lokacin kabbara. Da aka sallame, sai ya ga sahu na darewa. Mu'awiya ne tafe, ya cire babbar riga, idanunsa sun kumbura. Ya zo ya tsaya gaban Sirajo, kansa a ƙasa, ya yi magana.

Kansa a ƙasa yake, leɓen ba ya ganuwa. Sirajo bai ji ko harafi ba. Zagi ne? Kora ce? Jama'a duk sun zuba ido suna jiran amsarsa. "To, to, madalla" ta taho har bakin harshensa, don ta saba hanya. Ya haɗiye ta. Ya juya kansa a gaban kowa, ya miƙa kunnen dama, ya sa tafin hannu a bayansa kamar yadda tsofaffin kurame ke yi.

"Ban ji ba, ɗana. Maimaita man ta nan, da ƙarfi."

Mu'awiya ya ɗago, ya matso har numfashinsa na taɓa kunnen.

"Na ce ka zo ka kama makara, Baba. Kai kat tarbe shi, kai za ka raka shi."

Sirajo ya miƙa wa Gazali kalangun. Ya bi bayan yaron, aka matsa masa, ya sa kafaɗar da ta saba da rataya a ƙarƙashin itacen. Suka ɗaga, suka nufi maƙabarta, gyare na ta kuka a kansa har suka isa.